Hawa-hawa a dutse, a fata, a iska da cikin jama'a: duk abu ɗaya ne?

Wata ɗaliba 'yar Daura da ke shekarar ƙarshe a jami'a a nan Katsina ce ta aiko da tambaya. Ta ce: "Malam, kalmar nan ta sitiratifikeshan ta ɗaure mini kai. A darasin labarin ƙasa an ce duwatsu ake nufi, malamin nazarin zamantakewa ya ce rabe-raben mutane ne, ƙawata mai karatun jinya ta ce a fata ta san ta, yanzu kuma mai duba aikina na kammalawa ya ce da ita zan zaɓi mutanen da zan yi wa tambayoyi. Abu ɗaya ne, ko kowa da tasa?"

'Yata, kowa da tasa, amma tsatsonsu ɗaya. Asalin kalmar Latin ce, stratum, jam'inta strata, wato abin da aka shimfiɗa, kamar mayafin gado ko hanyar da aka daɓe da duwatsu. Mu sai mu ce shimfiɗa, in sun yi yawa wata bisa wata mu ce hawa-hawa. In kin yi karatun hadisi kin riga kin san takwararta ta Larabci, ɗabaƙa, wadda malamai ke jera masu ruwaya da ita: ɗabaƙar sahabbai, ta tabi'ai, ta mabiyansu. Kowane fanni ya ari wannan hoto na abu bisa abu. Abin da bai ara ba shi ne dalilin da ya sa abubuwan suka hau juna, kuma a nan ɗalibai ke faɗawa rami. Don haka duk inda kika ci karo da kalmar, ki tambayi kanki: mene ne ya yi shimfiɗar nan, kuma zama a sama ko a ƙasa me yake nunawa?

A ilimin duwatsu lokaci ne ya yi ta. Ruwa ko iska su kwaso yashi da laka su zube a kwari ko a ƙasan teku, shekaru su wuce, wani zubin ya zo ya danne na farko, a hankali su daskare su zama dutse. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya lura cewa wasu tsaunuka a jere suke hawa-hawa, ya kuma danganta hakan da laka da teku ya bari a lokuta daban-daban. A 1669 wani likita ɗan Denmak da ke zaune a Italiya, Nicolas Steno, ya mai da abin ƙa'ida: in babu abin da ya birkita su, shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama, kowace shimfiɗa a kwance take farawa, in an gan ta a karkace to daga baya ne wani abu ya ture ta. Sai William Smith, mai awon hanyoyin ruwa a Ingila, ya gane cewa kowace shimfiɗa tana da irin nata burbushin halittun da suka daskare a ciki, har za a iya gane ta a gari mai nisa. Da wannan ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815.

Ba sai an je Turai ba. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, dutsen da ake haƙa ana yin siminti ƙasan teku ne da ya taɓa rufe yankin sama da shekaru miliyan 55 da suka wuce, kuma akan tsinci ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Amma yawancin Jihar Katsina ba a kan irin wannan take zaune ba. Manyan duwatsun da kike gani a Dutsin-Ma, da wasu daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin Malumfashi da Funtuwa, narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa sama da shekaru miliyan 500, babu hawa-hawa a cikinsa. Sai an matso arewa, gefen iyaka da Nijar, ake samun shimfiɗun yashi da tsakuwa a kansa. Wannan bambanci yana cin kuɗin mutane kullum. Inda akwai shimfiɗar yashi mai ruwa, in maƙwabcinka ya haƙa burtsatse ya samu, kai ma galibi za ka samu a kusan zurfin da ya samu, don shimfiɗar a miƙe take ƙarƙashin unguwar. A kan tsohon dutse kuwa ruwa a tsaguwa yake ɓuya da cikin ruɓaɓɓen saman dutsen, gida biyu na jingine da juna ɗaya ya samu ɗaya ya tashi a tutar babu. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an kira masu injin haƙa ba a yi awon ƙasa ba tukuna.

Ga wuri na farko da ake ruɗewa. Mai haƙar rijiya zai ce miki ya wuce baƙar ƙasa, ya shiga ja, ya fasa marmara, ya tarar da ruɓaɓɓen dutse, sannan dutse mai tauri. Hawa-hawa ne a ido, amma sau da yawa ba zubi ba ne. Dutse ɗaya ne ya yi ta ruɓewa a inda yake: ganye da saiwa da kashin dabbobi suka baƙanta saman, ruwan sama ya yi ta wanke yumɓu da ƙarfe yana kai su ƙasa, ƙarfen ya taru ya zama marmara. Masanin Rasha Dokuchaev ne ya kafa wannan fahimta wajen 1883, kuma masu ilimin ƙasar noma suna kiran waɗannan matakai da haruffa, A da B da C. A nan ba za ki ce na ƙasa ya girmi na sama ba, tare suke samuwa. Abin da manomi ke buƙatar sani shi ne albarkar tana cikin na saman, wanda bai cika kauri ba, in zaizaya ta kwashe shi sai gona ta koma faƙo.

Masu haƙar kayan tarihi sun ɗauki ƙa'idar Steno sukutum, sai dai a wurinsu mutum ne mai zubin. Gida ya rushe, a baje ƙasar a gina wani a kai, toka da fasassun tukwane da ƙasusuwa su yi ta taruwa, gari ya yi ta hawa kan kufansa. A Daima ta Jihar Borno, Graham Connah ya yanka wani tudu a tsakiyar shekarun 1960 ya tarar da tarin zaman mutane mai zurfin sama da mita 10, wanda ya haɗa fiye da shekaru 1,500. A can ƙasa kayan aikin dutse da ƙashi ne, sai an hauro ƙarfe ya bayyana. Amma mutum ba ya barin ƙasa ta kwanta lafiya. Kabari rami ne da aka yanka cikin tsofaffin shimfiɗu, saboda haka abin da ke cikinsa ya fi ƙasar da ke gefensa ƙuruciya ko da zurfinsu ɗaya. Haka ake karanta wuri irin Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, inda aka haƙa kaburburan manya a 1907, aka sake haƙa a 1992. Ki kuma tuna yadda aka gina ganuwar Katsina da tsofaffin soraye: daga kududdufi aka kwaso ƙasar, wato aka ɗauko na ƙasa aka ɗora a sama, jerin ya juye. Ga gara, ga ɓera, ga saiwar itace, duk suna kai ƙaramin abu inda ba muhallinsa ba. Saboda haka gwanin wannan aiki a hankali yake kankare ƙasa, yana zana kowane canjin launi kafin ya taɓa komai. Tukunya in an ciro ta ba a rubuta shimfiɗar da ta fito ba, rabin labarinta ya tafi. Gumakan yumɓun da ake sayarwa a kasuwannin Turai da sunan na Katsina ta hannun masu haƙar sata suka fita, shi ya sa har yau abin da aka sani game da waɗanda suka ƙera su kaɗan ne. Wannan asara ce da ba a mayar da ita.

In muka koma iska da ruwa, lokaci ba shi da hannu. Nauyi ne ke jera su, marar nauyi a sama, mai nauyi a ƙasa, yadda man gyaɗa ke tasowa kan ruwa. A iskar da ke kusa da mu, duk kilomita 1 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5, kuma iskar a dame take, tana hawa tana sauka, a nan hadari da guguwa suke. A yankinmu wannan sashe ya kai tsawon kilomita 16 zuwa 17. A 1902 Teisserenc de Bort na Faransa da Richard Assmann na Jamus, kowa da nasa balan-balan masu ɗauke da ma'auni, suka sanar cewa daga wani tsawo zafi yana daina raguwa. Daga baya aka gane dalili: iskar ozon da ke can tana shanye wani ɓangare na hasken rana, sai saman ya fi ƙasan ɗumi. Iska mai ɗumi a kan mai sanyi ba ta da dalilin juyawa, sai ta kwanta. Wannan sashe, da ya kai kimanin kilomita 50, shi aka raɗa wa sitiratosfiya. Da damina ki kalli babban hadari daga nesa, za ki ga kansa ya daina hawa ya baje gefe da gefe. Iyakar ce ya taɓo.

Ƙaramin irin wannan yana faruwa a kanmu da hunturu. Da dare ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta. Hayaƙin murhu da na bola da ƙurar da iska ta kwaso daga kwarin Bodele na Chadi su rasa hanyar tashi, sai su tsaya daidai hancin mutane har rana ta ɗaga. Mai asma ya san wannan sa'a ko bai san sunanta ba.

Ruwa mai zurfi ma haka. A dam irin na Zobe rana takan ɗumama saman, ƙasan ya zauna da sanyi, ba sa cuɗanya, kuma ruɓewar ganye a ƙasa tana cinye iskar oksijin da ke wurin. In aka yi ruwan sama mai sanyi ko iska mai ƙarfi ruwan ya juye farat ɗaya, wanda ba shi da oksijin ya taso. Masu kiwon kifi a tafki mai zurfi kan wayi gari su ga kifi ya mutu bayan irin wannan dare. Mafi munin abin da aka gani shi ne na tafkin Nyos a Kamaru, ranar 21 ga Agusta 1986, inda iskar kabon da ta daɗe a danne a ruwan ƙasa ta kufce ta malala cikin ƙauyuka, mutum sama da 1,700 suka rasu.

Ita kuwa ƙawarki mai jinya, ki gaya mata tata ƙa'idar kishiyar ta Steno ce. A saman fata, a can ƙasa ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, su yi ta turo na gabansu sama, suna bajewa suna taurara har su mutu su kakkaɓe, cikin kamar wata guda. Na sama shi ne tsoho, na ƙasa jariri. Hawa 4 ne a yawancin jiki, 5 a tafin hannu da tafin ƙafa. Jiki yana yin wannan jeri ne inda ake gugar wuri, kamar fata da cikin baki da maƙoshi. Inda ake son abu ya ratsa, kamar jakunkunan iska na huhu da bangon hanji, falle ɗaya ne. Kantar hannun manomi kaurin hawan sama ne. Man bilicin mai sitiroyid kuwa sirantar da fatar yake yi, shi ya sa mai shafa shi da daɗewa jijiyoyi ke bayyana a fuskarta, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri.

Akwai inda sunan ya rage amma hawa-hawan ya ɓace. Masu renon itatuwa a ƙasashen sanyi sukan jera iri da danshin yashi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, su bar shi ya sha sanyin hunturunsu, don irin tuffa da makamantansa ba ya tsira sai ya yi makonni cikin sanyi da danshi. Yau a firji ake sa shi, a digiri 1 zuwa 5, wata 1 zuwa 3, ba a jera komai, amma ana nan ana kiran aikin da tsohon sunan. Na kawo shi ne don masu koyon gandun daji da ke karanta littattafan waje: irin kuka da ɗorawa da gawo da bagaruwa ba sanyi yake jira ba. Ɓawonsa ne ke da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare shi, ko ya bi ta cikin dabba. Masu nazarin harshe ma sukan yi maganar hawa-hawan kalmomin aro, su ce littafi da alƙalami tsohon zubi ne daga Larabci, mota da tebur sabo ne daga Turanci, amma ba zan tsaya a nan ba.

Inda nake so ki yi hattara sosai shi ne nazarin zamantakewa. Daga ilimin duwatsu aka aro kalmar, don a nuna cewa al'umma tana da na sama da na ƙasa, kuma yawanci ɗa yakan gaji matsayin ubansa. Max Weber, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya ce ba sikeli ɗaya ake auna wannan da shi ba: akwai dukiya, akwai daraja, akwai mulki. Duk Bahaushe ya san gaskiyar haka. Malamin zaure da ba shi da ko keke, attajiri kan cire takalmi ya durƙusa gabansa. Wani kuma ya tara kuɗi a sana'ar da ake rainawa, ya je neman aure a tuna masa asali. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau ya kuma wallafa littafi kan tarihin mulkin garinku Daura a 1978, ya yi rubutu a 1959 kan matsayi a ƙasar Hausa: masu sarauta, malamai da manyan fatake, sauran talakawa masu noma da sana'a, da waɗanda ake ajiyewa a baya kamar mahauta da maroƙa. Ya kuma bambanta sana'ar da aka gada da wadda mutum ya shiga da kansa, karda da shigege. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, nan bakin Katsina, a shekarun 1960, littafinta ya fito a 1972. Ta nuna cewa a cikin waɗanda ake haɗawa a ce talakawa manoma akwai tazara babba: wani rumbunsa yana kai shi wata kaka har ya sayar lokacin tsada, wani tun kafin damina ta yi nisa hatsinsa ya ƙare, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wancan.

Duk wannan ilimi ne mai amfani, ban raina shi ba. Abin da ba na so shi ne hoton dutsen ya bi kalmar ya shige kan ɗalibi, har ya ɗauka rabe-raben mutane halitta ce da ta kwanta da kanta. Shimfiɗar dutse ta sama ba ta karɓar haraji daga ta ƙasa, ba ta sayen gonarta, ba ta hana ta aure. Tsakanin mutane kuwa akwai ci da cuɗanya, kuma sau da yawa hawan wani daga gumin wani ne. Sannan jerin yana sauyawa cikin rayuwar mutum ɗaya. Jihadin da aka fara a 1804 ya kawar da gidajen sarautar Katsina da Daura ya kawo wasu. A 1906 Turawa suka mayar da tsohon gidan sarautar Daura kan karaga. Bauta, wadda a da matsayi ce da ake haifar mutum a ciki, doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ta fito da wani sabon rukuni na 'yan boko da babu shi a jerin da. Duk wanda ya ce miki wane a ƙasa yake don haka Allah Ya yi gidansu, ki tambaye shi tun yaushe, kuma wa ya amfana.

Saura naki aikin. A ilimin ƙididdiga babu sama babu ƙasa, kuma ba ruwa ko iska ko tarihi ne ya yi rabon ba, alƙalaminki ne. Rukuni-rukuni kawai ake nufi. Jerzy Neyman, ɗan Polan, shi ya kafa hujjar lissafin wannan hanya a 1934, kuma da ita ake manyan binciken lafiya na ƙasa, inda ake raba kowace jiha birni da karkara kafin a zaɓi gidaje. Dalilin shi ne in kin zuba sunaye duka a ƙwarya ɗaya kin ja ƙuri'a, tana iya faɗawa gefe guda, ki tashi da 'yan cikin gari zalla alhali tambayarki ta shafi na ƙauye.

A ce, misali, makarantar da za ki bincika tana da ɗalibai 600, maza 400, mata 200, kina son mutum 60. Ki raba rajistar gida biyu, ki ja ƙuri'ar 40 a cikin maza, 20 a cikin mata. In masarautar Daura ce gaba ɗaya, ƙananan hukumominta 5, Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, suna iya zama rukunanki, kowace ki ba ta kaso gwargwadon yawan mutanenta. Sharaɗi shi ne kowane mutum ya faɗa rukuni ɗaya tak, kada wani ya rasa, kada wani ya shiga biyu. Kuma abin da kika raba da shi ya zama yana da alaƙa da tambayarki. In kina binciken zuwan 'yan mata makaranta, nisan gida da makaranta ko birni da ƙauye ya fi amfani a kan harafin farkon suna.

Kuskuren da na fi gani a ayyukan ɗalibai shi ne a raba rukunai da kyau, sannan a tsaya bakin kasuwa a tare duk wanda aka ga dama har adadin ya cika. Wannan cike gurbi ne, wata hanya ce daban, kuma ba ta ba ki damar cewa sakamakonki ya wakilci jama'ar ba. Dole a cikin kowane rukuni ƙuri'a ce za ta zaɓa, daga jerin sunaye ko na gidaje. Kada kuma ki haɗa ta da hanyar da ake zaɓen wasu unguwanni kaɗan a bar sauran. A taki hanyar kowane rukuni sai an shiga shi. In wani rukuni ƙarami ne ƙwarai, kamar ɗalibai masu buƙata ta musamman, kina iya ɗaukar fiye da kasonsu don ki sami abin faɗa a kansu, amma wajen haɗa jimilla ki rage nauyin amsoshinsu ya koma daidai da yawansu na gaskiya. Ki rubuta a babi na uku abin da kika raba da shi, da dalilinki, da yawan kowane rukuni, da inda kika samo jerin sunayen, ki kai wa mai duba aikin ya gani kafin ki buga takardun tambaya.